IDAN SHARAƊI YA HANA TALAKA TALLAFIN KARATU, YA HALATTA YA YI ƘARYA?



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya neman ilimi ibada. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa, akwai tambayar da take yawan shigowa duk lokacin da aka buɗe neman tallafin karatu. Lafazin yakan bambanta, amma ma'anar ɗaya ce. Wani zai ce gidauniya ta fitar da sikolashif, shi kuwa wallahi mabuƙaci ne, sai dai shekarunsa sun haura abin da aka ƙayyade da shekara biyu, in ya je kotu ya rage yana da laifi? Wani ya ce an ce sai ɗan asalin ƙaramar hukuma kaza, shi kuma a nan aka haife shi, amma kakansa daga wani gari ya zo. Wata ta ce an ce sai marayu, ita kuwa mahaifinta yana raye amma ya daɗe a kwance, ko abincin gida ba ya iya kawowa, to in ta rubuta cewa ya rasu fa?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Kaura a irin wannan lokaci ya leƙa shagunan kwamfuta, zai ga samari da 'yan mata riƙe da fayil, ana ɗaukar hoto, ana cike fom, ana jiran netiwok. Wasu kuɗin cike fom ɗin ma rance suka ciwo. Cikinsu akwai wanda ya samu gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai na Kwalejin Hassan Usman, akwai na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, kuma abin da ya tsaya tsakaninsa da aji shi ne kuɗin rajista. In bai samu ba, shekarar ta wuce shi. Wani ma daga nan karatun ya ƙare ke nan. Saboda haka mai wannan tambaya ba a yi masa tsawa, ana zama ne a yi masa bayani.

DAGA INA SHARAƊI YA SAMO ƘARFI?

Da yawanmu muna ɗauka cewa gidauniya da sharuɗɗanta baƙon abu ne da ya zo da boko. Ba haka ba ne. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya samu wata gona a Khaibara wadda bai taɓa mallakar dukiya mai daraja kamarta ba. Ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), aka nuna masa ya tsare asalin gonar, ya riƙa sadaka da amfaninta. To da zai yi, bai ce kowa ya zo ya ɗiba ba. Sai da ya gindaya sharuɗɗa: ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Ya faɗi waɗanda za su ci: talakawa, da dangi, da 'yanta bayi, da hanyar Allah, da matafiyi, da baƙo. Har mai kula da gonar sai da ya yanka masa iyaka, ya ci gwargwadon abin da aka sani ba tare da ya tara dukiya da ita ba. Wannan shi ne tushen waƙafi, wanda malamanmu suka fi kira hubusi, kuma ka ga tun ranar farko da ƙa'idar cancanta aka haife shi.

A kan haka malaman fiƙihu suka tafi: wanda ya fitar da dukiyarsa don Allah yana da ikon ya ce ga inda za ta, kuma wajibi ne a kan mai rabo ya kiyaye abin da ya ce matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. In attajiri ya ce kuɗinsa na masu karatun likita ne, ba a ɗiba a ba mai karatun lauya. In ya ce na 'yan mata ne, ba a ba namiji. In ya ce na mutanen garinsu ne, ya halatta. Ko a Azhar ta Masar, a da ɗalibai a rukuni-rukuni suke zama gwargwadon ƙasashensu, kowane rukuni da waƙafinsa da rabon gurasarsa, kuma akwai rukunin da aka sani da sunan Barnawa, inda ɗaliban wannan yanki namu suke sauka. Tun a ƙarni na 13 ma, da kuɗin mutanen Kanem aka gina makaranta da masauki a Alƙahira domin mutanensu.

Dalilin sharaɗi a fili yake. Kuɗin ba ya isar kowa. In gurbi ɗari ne masu nema dubu biyar, dole a samu ma'auni. In babu rubutaccen ma'auni, to wani ma'aunin ne zai yi aiki a ɓoye, wato wa ka sani, wa ya san ka. Talakan da ba shi da kowa, rubutaccen sharaɗi shi ne gatansa, don shi ne kawai abin da zai iya nunawa ya ce na cika, me ya sa aka cire ni?

AMMA BA KOWANE SHARAƊI NE ADALCI BA

Kada masu gidauniya su ji wannan su ce to shi ke nan, abin da muka ga dama shi za mu rubuta. Lokacin da Nana A'isha ta so ta sayi Barira ta 'yanta ta, iyayen gidan Barira sun kafa sharaɗin cewa wala'i, wato dangantakar da ke tsakanin 'yantacce da wanda ya 'yanta shi, zai zauna a wurinsu. Manzon Allah (SAW) ya soke wannan sharaɗi a bainar jama'a, domin ya saɓa wa hukuncin Allah. Ke nan akwai sharaɗin da yake ɓatacce ko da an rubuta shi an buga masa hatimi.

Sannan a rarrabe tsakanin zakka da sadakar ganin dama. Zakka, Allah da kanSa Ya ƙayyade masu cin ta, kashi takwas, a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Attajirin da ya zuba zakkarsa a gidauniya ba kyauta yake yi ba, haƙƙin mutane yake miƙa musu. Ba shi da ikon ya ce sai ɗan jam'iyyarsa, ko sai mai zuwa gaisuwa gidansa, ko sai wanda zai tsaya a ɗauke shi hoto yana godiya. Malamai sun yi bayanin cewa ɗalibi matalauci da ya duƙufa ga ilimi mai amfani, wanda ba zai iya haɗa karatun da neman abinci ba, ana ba shi zakka, kuma da yawa daga malaman wannan zamani sun shigar da irin su likitanci da injiniyanci, tun da farilla ce a kan al'umma ta samu masu su. To in kuɗin zakka ne, buƙata ita ce sharaɗi na farko. Ɗan mai kuɗi ko ya fi kowa maki ba shi da rabo a ciki.

BARI MU AUNA WASU SHARUƊƊA DA MUKA SANI

Misali mafi bayyana shi ne dokar bashin ɗalibai ta tarayya. Bashi ne marar ruwa, ba kyauta ba, amma darasin ɗaya ne. Dokar farko da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce sai wanda kuɗin shigarsa ko na gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba. Ta kuma ce sai ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, kowannensu ya kasance ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, ko alƙali da makamantansu. Har ta ce in mahaifin ɗalibi ya taɓa cin bashi ya gaza biya, ɗan ba zai samu ba.

Don Allah ku yi lissafi. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata. In uba masinja ne, uwa kuma mai shara ce a asibiti, kowanne yana ɗaukar mafi ƙarancin albashi, a shekara sun tashi da naira 720,000. Wato a idon wannan doka sun fi ƙarfin tallafi! Shi kuma yaron da gidansu da gaske ba sa samun 500,000, ɗan manomi daga wani ƙauye a Batsari ko Mai'aduwa, ina zai samo manyan ma'aikata biyu da za su sa masa hannu? Sharaɗi na farko ya ce sai ka zama talaka tilis, na biyu ya ce sai ka san manya. An ba ka da dama an karɓe da hagu. Na ukun kuwa ya ɗora wa ɗa laifin uba, abin da addininmu bai yarda da shi ba.

Me ya faru? Mutane suka yi magana, ɗalibai da malaman jami'a da 'yan jarida. A watan Afrilun 2024 aka sa hannu a sabuwar doka, aka cire iyakar kuɗin shiga, aka cire masu tsayawa, aka cire maganar bashin iyaye, a watan Mayu kuma asusun NELFUND ya buɗe karɓar masu nema. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: sharaɗin da bai yi daidai ba ana iya canza shi, kuma an canza ɗin. Har yanzu dai akwai saura, tun da ɗaliban makarantun gwamnati aka buɗe wa, ɗalibin Jami'ar Al-Qalam, wadda Gidauniyar Musulunci ta Katsina ta kafa a 2005, ba ya ciki, alhali ba duk wanda ke can ne ɗan mai hali ba.

Sai sharaɗin maki. Gidauniyar MTN, alal misali, tana ba ɗaliban kimiyya da fasaha da suka kai aji uku a manyan makarantun gwamnati, kuma sai mai matsakaicin maki 3.5 zuwa sama. Wannan sharaɗi halal ne, kuma yana zaburar da masu ƙwazo. Sai dai mu san abin da yake yi da abin da ba ya yi. Yana taimakon wanda ya riga ya shiga ya kai shekara ta uku. Wanda ya kasa sayen fom ɗin JAMB, ko ya ci jarrabawa ya rasa kuɗin rajistar farko, wannan ba ta shi ake ba. Kuma maki ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake aunawa ba. Ɗalibin da yake tuƙa Keke Napep daga La'asar zuwa dare don ya ci abinci, da wanda aka ajiye wa janareto da kwamfuta a ɗaki, in suka tashi da maki ɗaya ai ba ƙoƙari ɗaya suka yi ba. Abin yabo a tsarin wannan gidauniya shi ne ta ware wa ɗalibai makafi nasu kason daban, ta sassauta musu makin.

Akwai sharaɗin makarantar gwamnati. Lokacin da gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗalibai Masar karatun likita, daga waɗanda suka yi sakandaren gwamnati aka zaɓo. Hikimar a fili take: a ƙasar nan mai hali ba ya kai ɗansa makarantar gwamnati, saboda haka sunan makarantar ya zama alamar halin gida, kuma ya fi takardar da mutum zai rubuta da hannunsa ya ce ni talaka ne wuyar ƙirƙira. Duk da haka alama ce kawai. Za a samu maraya da wani bawan Allah ya ɗauki nauyinsa a makarantar kuɗi, sai alherin da aka yi masa jiya ya rufe masa ƙofa yau.

Sharaɗin shekaru ya fi kowanne cizon mutanenmu. Wanda ya rubuta cewa kada mai nema ya haura shekara kaza, a ransa yana hango yaron da ya shiga firamare yana ɗan shekara shida ya wuce ba tsayawa. To wanda ya fara da allo fa, sai da ya sauke ko ya haddace sannan ya shiga boko yana ɗan shekara goma sha biyu? Matar da aka yi wa aure bayan sakandare, ta haihu, yanzu mijinta ya amince ta koma ta karanci aikin ungozoma fa? Wanda rashin tsaro ya rufe makarantarsu ya yi shekaru a zaune fa? Waɗannan ba lalaci ne ya jinkirta su ba.

Sai kuma takardar ɗan asali. Mun ce ya halatta mai dukiya ya keɓe mutanen garinsu. Amma wane ne ɗan gari? Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, wanda Katsina take alfahari da shi har gobe, asalin gidansu daga Barno ne. Da ana neman wannan takarda a zamaninsa, wa zai sa masa hannu? Garin nan da baƙin malamai da fatake ya yi suna. Yaron da aka haifa a Ƙofar Kaura, ya yi makarantar allo a nan, mahaifinsa yana biyan haraji a nan, in ka ce ya koma garin kakansa, can ma ce masa za a yi ba su san shi ba.

TO, A YI ƘARYAR KE NAN?

Mai tambaya zai ce, Malam, kai da bakinka ka nuna sharaɗin yana da gyara. Ni mabuƙaci ne na gaskiya, mai gidauniyar ma da ya san halina da ya ba ni. Ga 'ya'yan manya can suna karɓa da takardun bogi. Ni kaɗai za a ce in riƙe gaskiya in zauna a gida?

Maganar tana da zafi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma amsar ita ce bai halatta ba, saboda dalilai huɗu.

Na farko, dukiyar mutum ba ta halatta gare ka sai da yardarsa, shi kuma ya rataya yardarsa a kan sharaɗi. Cewa da ya san halinka da ya ba ka, zato ne kake yi a madadinsa. In ka tabbata haka ne, ai hanya a buɗe take: rubuta masa gaskiyar halinka, ka bar shi ya yanke.

Na biyu, kuma shi ne wanda aka fi mantawa: ba mai gidauniya kake cuta ba. Shi kuɗinsa sun riga sun fita, ko kai ko wani. In gurbi ɗari ne ka shiga da ƙarya, akwai mutum na ɗari da ɗaya da ya cika sharaɗi da gaskiya, kai ka ture shi. Ba ka san sunansa ba, ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba, shi ya sa abin yake maka sauƙi. Wataƙila marainiya ce ta gaske, wadda ita ma rance ta ci ta cike fom a shagon da ka cike naka. Ita ba ta san wanda ya ture ta ba, amma Allah Ya sani, kuma akwai ranar da za a haɗa ku.

Na uku, hanyar da ake bi. Rage shekaru ba a baki yake tsayawa ba, rantsuwa ake yi a kotu a sa hannu. Takardar maraici ko ta ɗan asali sai wani ya shaida. Shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai, har ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana kishingiɗe, da ya zo kanta sai ya tashi zaune ya yi ta maimaita gargaɗi. Kuma wannan ƙarya ba ta kwana ɗaya ba ce. Shekarun da ka rage za su bi ka zuwa takardar digiri, da bautar ƙasa, da takardar ɗaukar aiki, har ranar ritaya, inda za ka zauna a kujera shekara biyu kana cin albashin da ya kamata wani matashi ya fara ci. Wadda ta rubuta cewa mahaifinta ya rasu alhali yana ɗaki yana numfashi, ta tambayi kanta ko za ta iya karanta masa wannan takarda.

Na huɗu, kowace ƙarya tana haifar da sabon sharaɗi. Me ya sa yau ake neman lambar NIN da BVN da hatimin hakimi da wasiƙar shugaban sashe? Saboda an sha yaudarar masu bayarwa. Duk takardar da aka ƙara, ɗan mai hali a waya zai sa a kawo masa ita gida, talaka ne zai hau mota sau uku yana nema. Wanda ya yi ƙarya bana ya ƙara wa ƙanensa tsawon layi baɗi.

Wani zai ce ai larura ce. Larurar da take halatta haram ita ce wadda rai ko lafiya suke cikin haɗari kuma babu wata mafita. Ko a nan ɗin ma, malamai sun ce matsuwarka ba ta soke haƙƙin wani. Mai jin yunwa ba ya fizge lomar mai jin yunwa irinsa. Batun cewa 'ya'yan manya suna yi kuwa, zaluncinsu ne, za su amsa. Ba a wanke najasa da fitsari.

A kula, akwai abin da ba ƙarya ba ne. Wanda aka haifa a ƙauye ba a rubuta ranar ba, ya tambayi iyaye da manya, aka kintata da iyakar gaskiya, ya yi rantsuwa a kan haka, ba shi da laifi. Haka inda lafazin sharaɗi yake ɗaukar ma'ana biyu, kamar a ce ɗan jiha ba a fayyace haihuwa ko asali ba, sai ka tambaye su, in sun ce ka shiga, ka shiga da halal ɗinka.

MASU SA HANNU DA MASU ALFARMA

Mai unguwa, dagaci, liman, shugaban makaranta, jami'in ƙaramar hukuma: sa hannunka shaida ce. In ka shaidi wanda ba ka sani ba don an ba ka na goro, ko ka shaidi ƙarya don kunyar maƙwabci, kai da shi kun yi tarayya. In kuma ka ƙi sa wa mai gaskiya hannu sai ya ba ka wani abu, ka ɓoye shaida kuma ka ci rashawa. Jin kunyar ido a wannan wuri ba kirki ba ne.

Alfarma kuma iri biyu ce. Ka ɗauki yaron da ya cancanta ka kai shi inda ba zai iya kai kansa ba, ka ce ku duba takardunsa, wannan ceto ne mai lada. Ka ɗaga waya ka ce a sa sunan ɗanka a cire na wani, wannan ƙwace ne ko da an yi shi cikin raha da gaisuwa.

Kai kuma mai hali, ko da ɗanka ya cika kowane sharaɗi a takarda, tambayi kanka ko kana buƙata. A Hajjin Bankwana wasu mutum biyu sun zo neman rabo daga sadaka, Manzon Allah (SAW) ya dube su sama da ƙasa ya ga ƙarfafa ne, sai ya sanar da su cewa mawadaci da mai ƙarfin nema ba su da rabo a ciki, ya bar zaɓi a hannunsu. Akwai abin da fom ba ya iya tantancewa, sai tsoron Allah. In tallafin na gwarzantaka ne da aka buɗe wa kowa, ɗanka ya karɓi yabon, kai kuma ka biya wa wani yaro rajista da kwatankwacin kuɗin. In na mabuƙata ne, ka janye hannunka.

GA MASU GIDAUNIYA

Allah Ya saka muku da alheri, kuna yin abin da da yawa ba sa yi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kafin ku rubuta kowane sharaɗi, ku tambayi kanku: wa wannan zai fitar, kuma shi muke nufin fitarwa? In niyyarku talaka ce, ku sa a cikin kwamitinku wanda ya san talauci, malamin makarantar gwamnati ko mai unguwa mai amana, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku bayyana sharuɗɗa tun farko, da Hausa, a rediyo da masallatai, kada a tsaya a intanet kawai. Kada ku karɓi kuɗin fom a hannun wanda kuka ce mabuƙaci ne. In kun ambaci WAEC da NECO, ku tuna da masu takardar NBAIS da suka fito daga makarantun Arabiyya. Ku ware wani kaso, ko ɗaya cikin goma ne, na waɗanda sharaɗi ya fitar amma uzurinsu a bayyane yake, kwamiti ya zauna a kansu a rubuta dalili. Ziyara ɗaya zuwa gidan yaro ta fi takarda biyar faɗin gaskiya. Ku liƙa sunayen waɗanda suka samu, ku buɗe ƙofar ƙorafi. In kun ɗauki yaro, ku kai shi gaci, kada ku yi biki a shekarar farko ku bar shi a aji biyu. Kuma ku tsare mutuncinsa, ba sai an nuna hawayen uwarsa a Facebook ba kafin ladanku ya tabbata.

Ku tuna da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ba dukiya ba muƙami, ya zo neman ilimi a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa, kuma a kansa Allah Ya saukar da farkon Suratu Abasa. Mai neman ilimin da ba shi da kowa yana da Mai tsaya masa.

WANDA YA RIGA YA KARƁA FA?

Ƙofar tuba a buɗe take. Ilimin da ka samu da wahalarka bai zama haram ba, amma kuɗin akwai haƙƙi a ciki. In har yanzu kana karɓa, ka tsaya, ka sanar da su gaskiya, wataƙila ma su yafe su ci gaba da ba ka. In an gama, abin da ya fi kusa da kuɓuta shi ne ka mayar musu da kwatankwacinsa ko da kaɗan-kaɗan ne. In gidauniyar ta rushe ko babu hanyar kaiwa gare ta, ka nemi ɗalibin da ya cika irin wancan sharaɗi ka biya masa. Ka kuma nemi hanyar gyara takardunka. Kowa da yanayinsa, saboda haka ka zauna da malamin da ka amince da shi ka faɗa masa komai.

WANDA KUMA AKA HANA

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba a ce ka naɗe hannu ba. Ka rubuta wa gidauniyar da sunanka na gaskiya da shekarunka na gaskiya, ka faɗi uzurinka. Ku haɗu ku da sharaɗi ɗaya ya fitar, ku kai kuka ta ƙungiyar ɗalibai, ta malamai, ta gidan rediyo, cikin ladabi. Dokar tarayya guda ba ta cika shekara ba aka sake ta saboda an yi magana, balle takardar gidauniya da mutum biyar suka zauna suka rubuta. Wanda ya yi ƙarya kansa kaɗai ya fitar, ya bar sharaɗin yana nan yana jiran na baya. Wanda ya yi magana, ko shi bai samu ba, ya buɗe wa waɗanda ke tafe.

Mu kuma sauran jama'a, kada mu tsaya muna ce wa yaro ya riƙe gaskiya sannan mu juya mu tafi. In mun hana shi haram, sai mu taimaka masa da halal. Masallatan Juma'a nawa ne daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, zuwa Ƙofar Marusa da Ƙofar Guga? In magidanta ɗari a masallaci ɗaya suka ajiye naira 1,000 kowane wata, a shekara an tara naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Wannan zai buɗe wa yara da dama ƙofar aji, musamman irin waɗanda manyan gidauniyoyi ba sa gani: alaramman da ya makara, da matar auren da ta dawo karatu, da wanda mahaifinsa yake raye amma ba ya iya komai. A unguwa ba a buƙatar rantsuwar kotu, kowa ya san gidan kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda yake cikin kwamitin masallaci, don Allah ya ɗauki wannan magana ya kai zama na gaba.

Allah Ya buɗa wa ɗalibanmu ƙofofin halal, Ya wadatar da su daga haram. Allah Ya sanya albarka a dukiyar masu taimako, Ya ba masu rabo ikon yin adalci. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.